An tura ni kwas ɗin shugabanci, na dawo jama'ata sun tsige ni: ina gizo yake saƙa?

Wani matashi ɗan shekara talatin da 'yan kai ne ya aiko da wannan tambaya, kuma zan taƙaita ta. An tura shi kwas ɗin shugabanci na 'yan makonni a birni, ya dawo da takardar shaida, sai aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar manoman garinsu domin shi ne ya fi su ilimin boko. Ya buɗe wa ƙungiya asusun banki, ya sa ana rubuta abin da aka tattauna a taro, ya ɗora tara a kan wanda ya makara. Daga nan ya tattara kuɗin mambobi don a sayo takin zamani a sari. Mai kawo kayan ya yi ta yau da gobe, takin bai iso ba sai da masara ta wuce lokacin da take buƙatarsa. A babban taro aka tsige shi a gaban kowa. Yanzu ko masallacin unguwa yana jin nauyin shiga. Yana tambaya ko kwas ɗin banza ne, ko kuwa shi ne bai dace da shugabanci ba. Kuma ya ce mutane sun ishe shi da cewa ya koyi tawali'u: ta yaya ake koyonsa ba tare da mutum ya zama abin takawa ba?

Ƙanena, da farko sannu. A tsige mutum a gaban waɗanda suke sallah sahu ɗaya da shi, waɗanda suka san mahaifinsa da gidan da ya yi aure, ya fi korar ofis ciwo, domin babu inda zai koma ya ɓuya. Na daɗe ina aikin horar da shugabannin ƙungiyoyi da ma'aikatan ƙananan hukumomi, kuma labari irin naka ba baƙo ba ne a kunnena. Zan gaya maka abin da nake gani ba tare da rufa-rufa ba, don na lura daga yadda ka tsara tambayar cewa gaskiya kake nema.

Kwas ɗin ba banza ba ne. Asusun banki daidai ne, rubuta bayanin taro daidai ne, sayen taki a sari kuwa yana cikin manyan dalilan da suke sa manoma su haɗa kai tun farko. Duk abin da aka koya maka yana nan da amfaninsa. Abin da kwas na 'yan makonni ba ya iya ba mutum shi ne kunnen jin maganar wanda yake ganin ya fi shi sani. Sau da yawa ma kwas yakan toshe wannan kunnen na ɗan lokaci. Mutum ya zauna a ɗaki mai sanyi, an kira shi jagoran gobe, an ba shi sunayen matsalolin garinsu da Turanci, ya dawo yana ganin ya riƙe maganin ciwon da iyayensa suka kasa ganewa. Waɗanda ya bari a gida su ma suna taya shi, domin sun fara ce masa "shugaba" tun kafin ya yi komai.

Mu tsaya a kan takin nan, don a cikinsa amsarka take. A cikin mambobinka akwai dattawan da suka ga damina arba'in a gona. Sun san masara tana son takinta na farko kamar mako biyu bayan shuka, tana son yuriya tun kafin ta yi goyo, kuma in lokacin ya wuce ko buhu nawa ka zuba ba za ka dawo da abin da aka rasa ba. Sun san da zarar ruwa ya sauka farashin taki yakan tashi, kayan su yi wuya, shi ya sa mai dabara yake saye tun da rani. Sun san wane dillali ne yake cika alkawari, wane ne sai ka riƙe rigarsa. Wannan ilimin duk yana zaune a gabanka a kan tabarma ranar da ka kawo shawarar. Da wuya a ce babu ko mutum ɗaya a cikinsu da zuciyarsa ta ce masa abin nan ba zai yi kyau ba.

Amma ka san yadda dattijon Bahaushe yake ƙin yarda da magana a taro. Ba zai ɗaga hannu ya ce shugaba ka yi kuskure ba. Zai gyara zama ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Ko ya ce, "Anya mutumin nan kuwa?" sau ɗaya tak, da murya ƙasa-ƙasa, in ka wuce ba ka tsaya ba shi ke nan ya sauke nauyi. Ko ya daina zuwa taro, in an tambaya a ce jikin ne. Wanda ya saba da aji, inda ake gardama baki da baki, yakan ɗauki wannan shirun a matsayin amincewa. Ga kuma tarar makara da ka ɗora. Mutumin da ya taso daga gona da ƙafa, ya iso bayan an buɗe taro da addu'a, aka karanta sunansa a gaban 'ya'yan cikinsa aka ce ya biya, kada ka sa ran gobe zai ja ka gefe ya ba ka shawara. Dokar ba laifi ba ce a kan kanta, sai dai ka biya kuɗinta da bakin mutanen da ka fi buƙata.

Saboda haka tambayar da nake so ka kwana da ita ita ce: wa ya san abin zai lalace, kuma me ya hana shi gaya mini? A wurina nan ne tawali'un shugaba yake. Ana gane shi da yadda labari marar daɗi yake isa ga shugaba da wuri, daga bakin wanda yake ƙasa da shi, ba tare da mai maganar ya ji tsoro ba.

Wannan ciwon bai tsaya a ƙauye ba. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, manyan jiragen fasinja biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin KLM shi ne yake shugabantar horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfaninsa, wato malamin malamai. Ya fara gudun tashi alhali ba a ba shi cikakken izini ba. Injiniyan da yake zaune a bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, injiniyan bai sake magana ba. Bayan wannan da wasu haɗurra irinsa, kamfanonin jirage suka shigo da horo na musamman: a koya wa ƙarami yadda zai nanata magana har a ji, a koya wa babba yadda zai nemi a saɓa masa. Sun gane cewa gwanintar shugaba tana iya zama abin da yake rufe bakin na kusa da shi.

Yanzu ga abin da ba a cika gaya wa wanda ya faɗi ba. Faɗuwa ita kaɗai ba ta koyar da komai. Na ga waɗanda aka tsige suka fito da taurin kai fiye da da, suna yawo majalisa-majalisa suna cewa hassada ce, jahilai ne, ba su san ci gaba ba. Na ga kuma waɗanda suka karye gaba ɗaya, suka ce su dai ba su iya komai ba, ko limancin mutum uku aka ba su sai su ja da baya. Na biyun yakan yi kama da tawali'u a ido, amma in ka duba da kyau su biyun abu ɗaya suke gudu, wato zama a bi abin da ya faru daki-daki. Wanda ya ce duk laifinsu ne ya huta da bincike, wanda ya ce ni dai banza ne shi ma ya huta da shi. A cikin tambayarka na ji ƙamshin na biyun, inda ka ce ko kai ne ba ka dace ba, kuma ina so ka yi hattara da shi.

A farkon shekarun 1980 wasu masu bincike biyu, Morgan McCall da Michael Lombardo, na wata cibiyar nazarin shugabanci da ke Greensboro a Amurka, sun kwatanta manyan manajojin da suka kai ƙololuwa da waɗanda aka yi zaton za su kai amma suka kife a hanya. Sun tarar duka ɓangarorin biyu masu basira ne, kuma duka sun taɓa yin kurakurai. Abin da ya fi yawan kayar da mutum shi ne rashin kula da yadda wasu suke ji, da tsawa, da ji da kai. Waɗanda suka ɗore kuwa, in sun yi kuskure sukan faɗa da bakinsu, su sanar da waɗanda abin zai shafa tun da wuri, sannan su shiga gyara. Waɗanda suka kife sukan ɓoye ko su ɗora wa wani. Akwai kuma abin da ya shafe ka kai tsaye: da yawa daga cikin waɗanda suka kife sun taso ne cikin nasara a kan nasara a aiki iri ɗaya, ba su taɓa shan ƙasa suna ƙanana ba, sai da suka hau sama inda faɗuwa take da tsada. Kai ta same ka kana ɗan shekara talatin, a kan taki na damina ɗaya. Asara ce ta gaske ga manoman da amfaninsu ya ragu, kada ka raina ta, amma asara ce da ake iya gyarawa.

Mu kuwa muna da darasin da ya fi wannan tsufa. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, ra'ayin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne a tsaya a cikin Madina a kare ta. Matasa suka matsa a fita, ya bi shawararsu. Ya sa maharba hamsin a kan tudu ya ce kada su sauka, mafi yawansu suka sauka da suka ga alamar nasara, aka zagayo Musulmi ta baya, aka yi shahidai saba'in, cikinsu har da baffansa Hamza. Ka duba abin da ayoyin Suratu Ali Imrana suka yi da wannan rana. Da Musulmi suka ce daga ina wannan ya same mu, amsar da aka ba su ita ce daga wurin kawunanku yake. Ba a bar su su ɗora wa yawan abokan gaba ba. A cikin surar nan kuma aka gaya wa Annabi cewa da ya kasance mai kaushi mai taurin zuciya da sun watse daga gare shi, aka umarce shi ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya ci gaba da shawartarsu. Shawara ce ta kai su filin da aka sha wuya, amma bayan wuyar aka sake jaddada shawara. Ina yawan tuna wa ɗalibaina wannan, domin shugaban da ya ji ciwo abu na farko da yake yi shi ne ya daina tambayar kowa.

To, me za ka yi a aikace? Ka fara da littattafai da kuɗi, kafin maganar zuciya. Ka zauna da ma'aji da mai binciken kuɗi, ku bi kowace naira: nawa aka tara, nawa aka ba mai kaya, buhu nawa ya iso, nawa ya rage a asusu. Ka miƙa wa sabon shugaba littafin mambobi, takardun banki, rasitai da hatimin ƙungiya a gaban shaidu, ka sa hannu a banki a cire sunanka ba tare da an biyo ka ba. Mutanen gari suna iya yafe wa wanda ya yi kuskure, wanda ake zargin ya ci kuɗi kuwa har jikokinsa sai sun ji. In akwai wani haƙƙi da za a bi wurin mai kawo takin, ka ba sabon shugaba duk shaidar da take hannunka, ka raka shi in ya nema, kana bayansa.

Bayan haka ka nemi mutum uku ko huɗu, ɗaya bayan ɗaya, kowa a gidansa. Kada ka zaɓi abokanka. Ka je wurin dattijon da ya daina zuwa taro, da wanda ya fi ɗaga murya ranar tsigewa, da ma'aji, kuma in akwai mata a ƙungiyar ka aika a tambayi shugabarsu ko ka je ta hanyar da ta dace, don sau da yawa su ne suke fara jin abin da ake faɗa a cikin gidaje. Ka je bayan la'asar ko bayan isha, ka zauna a ƙasa, ka gaisa yadda ya kamata. Ka ce, "Baba, na zo ne ka gaya mini inda na kauce." Zai ce babu komai, ƙaddara ce, Allah ya riga ya rubuta. Kada ka tashi. Wannan gaisuwa ce kawai. Ka ce, "Haka ne Baba, amma yaushe ka fara ganin abin ba zai yi ba?" A nan ne bakinsa zai buɗe, domin ka tambaye shi abin da ya gani da idonsa, ba ka ce ya yanke maka hukunci ba. Daga nan ka tambaya me ya hana shi gaya maka a lokacin. Amsar wannan za ta yi zafi. Zai yiwu ya ce ai ya faɗa, ka ce masa zamani ya canja. Zai yiwu ma ba ka tuna ka faɗi haka ba.

Doka ɗaya ce a wannan zama: ba ka kare kanka. Da zarar ka ce "amma ai", ka rufe ƙofar da ka sha wuya kafin ka buɗe. In ka koma gida ka rubuta abin da aka gaya maka da kalmomin mai maganar, kada ka gyara su su yi maka daɗi. Sojojin Amurka sun mai da irin wannan zama al'ada tun daga shekarun 1970: bayan kowane atisaye a taru a tambaya me aka yi niyya, me ya faru, me ya jawo bambancin, me za a canja, kuma ƙaramin soja yana da bakin faɗin abin da ya gani ko da ya saɓa wa na kwamanda. In ka tattara abin da ka ji za ka ga ba duka ne gaskiya ba, wani ma akwai tsohuwar gaba a ciki. Ka tace. Abin da mutum biyu da ba sa ga maciji da juna suka faɗa iri ɗaya, wannan ka riƙe shi da hannu biyu.

Sannan ka nemi minti biyar a taro na gaba, ka faɗi naka rabon da sunansa. Kada ka ce "in na yi wa wani laifi ya yafe mini", wannan kowa ya san hanyar zamewa ce. Ka ce: na ba mutum ɗaya kuɗin gaba ɗaya ba tare da an rubuta ranar kawo kaya ba, na makara wajen saye, an yi mini ishara ban tsaya na ji ba, kuma da na ga ana jan ƙafa ban sanar da ku da wuri ba don kowa ya nemi mafita. Ka nemi afuwa, ka zauna. Ka ci gaba da zuwa taro a matsayin mamba, kana biyan kuɗin wata a kan lokaci.

Ina so in daɗe kaɗan a kan Janar Yakubu Gowon, domin a tarihin ƙasar nan ban ga labarin da ya haɗa horon shugabanci da faɗuwa da komawa aji kamar nasa ba. Ya yi Kwalejin Barewa a Zariya, ya yi makarantar soja ta Sandhurst da kwalejin manyan hafsoshi ta Camberley a Ingila, wato horon da ya fi kowane a zamaninsa. Ya zama shugaban ƙasa a 1966 yana da shekara 31, ya riƙe ƙasar cikin yaƙin basasa har zuwa Janairun 1970, ya rufe yaƙin da cewa babu wanda ya yi nasara babu wanda aka ci. Bayan yaƙi kuɗin mai ya shigo, kuma a nan aka fara ganin kunnen ya yi nauyi. Ana ta kuka da gwamnoninsa bai sauya su ba. A 1974 wani ɗan jihar Binuwai-Filato ya yi rantsuwa a kotu yana zargin gwamnan jihar da almundahana, Gowon ya wanke gwamnan, mai ƙarar kuwa aka tsare shi. Ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara ya janye alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976. Tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da ɗaruruwan jiragen siminti da aka yi oda ba lissafi. Ranar 29 ga Yuli 1975, yana taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Kampala, aka kifar da shi, kuma wanda ya yi sanarwar a rediyo shi ne Kanar Joe Garba, kwamandan dakarun da suke gadinsa. Binciken da aka yi daga baya ya sami goma daga cikin gwamnoni goma sha biyu da laifi. Ka ga tambayar nan ta dawo: mutane da yawa sun sani, an ma faɗa, amma wanda ya faɗa ya ga abin da ya same shi.

Abin da ya yi bayan haka shi ne abin dubawa. Tun a Kampala ya fito ya ce ya karɓi abin da ya faru, ya nemi 'yan Nijeriya su ba sabuwar gwamnati haɗin kai. Ya tafi Ingila ya shiga Jami'ar Warwick a matsayin ɗalibin digirin farko a kimiyyar siyasa, yana da shekara arba'in da ɗoriya, a aji ɗaya da yaran da ya kusa haifa. Aka buga hotonsa yana layin karɓar abinci da faranti a hannu, mutane da dama a gida suka ɗauki abin a matsayin zubar da mutuncin ƙasa. Ni kuwa wannan hoton ina ganin yana cikin mafi daraja da aka taɓa ɗauka na wani shugabanmu. Mutumin da ya yi shekara tara ana sara masa ya zauna malami yana jan layi da jan biro a kan rubutunsa. Wuyar ba ta ƙare a nan ba: bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976 aka ambaci sunansa, aka cire masa muƙami, sai a 1981 Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa. Ya ci gaba da karatu har ya sami digirin digirgir a 1984.

Daga ƙarshen shekarun 1990 ya shiga yaƙi da ciwon kurkunu tare da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter. Lokacin da aka yi ƙidayar farko a ƙarshen shekarun 1980, Nijeriya tana da masu ciwon fiye da 650,000. Gowon ya riƙa shiga ƙauyukan da mota take wuyar kaiwa, yana zama da masu gari, yana roƙon gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi su haƙa rijiyoyin burtsatse, yana komawa ya ga ko an cika alkawari. An ga mai ciwon na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙasar ta rabu da shi a 2013. Aikin na mutane dubbai ne, kuma kowa yana da damar riƙe ra'ayinsa a kan shekarunsa na mulki. Abin da nake nuna maka shi ne mutum ya yi aiki mai amfani ba shi da ikon ba da umarni ga kowa, sai roƙo da naci da sauraro, kuma hanyar da ta kai shi can ta bi ta kan benci a aji.

Game da tsoronka na zama abin takawa, Hausawa sun riga sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Malam Abdullahi na Gwandu shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto a 1804, ƙanen Shehu Usmanu ne, malamin Muhammadu Bello ne, kuma babu mai musun iliminsa. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar da ƙofa a rufe, ya juya. Abin ya yi masa ciwo, suka yi 'yan shekaru da sanyi a tsakani. Da tawayen Kalambaina ya tsananta Bello ya zo da runduna ya taimake shi, bayan nasara kuwa Abdullahi ya gaishe da ɗan wansa, ɗalibinsa, a matsayin Sarkin Musulmi. Wannan Abdullahin ne kuma ya fi kowa fitowa fili ya soki shugabannin jama'a da ya ga sun karkata ga tara dukiya da son mulki. Bai zama mai rauni ba don ya sauka daga kan haƙƙin da yake ganin nasa ne, kuma saukar ba ta sa ya yi shiru a kan ɓarna ba.

Saboda haka kada ka janye asusun banki daga zuciyarka, kada ka yarda cewa rubuta lissafi girman kai ne. In sabon shugaba ya so a koma ajiye kuɗin mutane a aljihun mutum ɗaya, ka tashi cikin ladabi ka ce ba ka goyon baya, ka faɗi dalili, in an rinjaye ka ka zauna. Ka kuma kiyayi tawali'un baki, irin na "ni wa, ai ni bawanku ne", wanda mai yin sa yake sunkuyar da kai a zaure amma ba a isa a gyara masa ko wasali ba. Muna da shi da yawa, kuma fadanci ne yake ciyar da shi. Duk wanda aka ba 'yar kujera, ko ta shugaban kwamitin masallaci ce, nan da nan yake samun masu ce masa ranka ya daɗe, daidai ne. In Allah ya sake ɗora ka a gaba, ka nemi mutum biyu da ba sa cin komai a hannunka, ka roƙe su su riƙa gaya maka abin da ake faɗa in ba ka nan. Ranar da ɗayansu ya kawo maka magana mai ɗaci ka gode masa, domin yadda ka karɓi ta farko shi zai nuna ko za a kawo ta biyu. A taro kuma ka riƙa jinkirta faɗin ra'ayinka har sai ƙanana da dattawa sun yi magana, don da zarar shugaba ya faɗi nasa sauran sai amin.

Kada ka yi gaggawar neman kujerar. Ka yi damina ɗaya ko biyu kana bi, ka karɓi aikin da ba mai so, kamar rubuta sunaye ranar rabon kaya ko bin bashi gida-gida. A nan za ka ga ƙungiyar daga ƙasa, ka ji abin da ake faɗa a kan shugaba in ya ba da baya, abin da a da kai ake faɗa a kai ba ka ji. In mutane sun ga ka canja su da kansu za su zo, in ba su zo ba akwai sauran wuraren hidima.

In kuma ka sami damar ƙarin horo, ka tafi, amma ka duba irinsa. Ƙasar nan tana da tsofaffin makarantun wannan fanni: Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya ta horar da ma'aikatan En'e tun kafin 'yancin kai, akwai ta Kuru kusa da Jos da aka kafa a 1979 don manya. Ga mai irin buƙatarka na fi son tsarin da aka san Man O' War da shi, wanda ya faro a 1951 a gaɓar teku kusa da garin da yanzu ake kira Limbe a Kamaru, yake kuma da makaranta a duwatsun Shere kusa da Jos. A irin wannan horo ana haɗa mutane rukuni-rukuni, a ba su aikin da mutum ɗaya ba zai iya ba, jagoranci yana zagayawa, yau kai ne gaba gobe kana riƙe wa wani igiya. Kafin ka biya kuɗin kowane kwas ka tambayi masu shirya shi abu biyu: shin za a ba ka aiki na gaske da za ka iya kasawa a cikinsa, kuma shin waɗanda ka jagoranta za su zauna su gaya maka yadda suka ji a hannunka? In amsar duka biyun a'a ce, ka ajiye kuɗinka ka sayi littafi.